Dutse Mai Hawa Uku da Hularsa

Ran wata Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wata uwargida daga cikin zumuntar mata ta tsai da mu a bakin ƙofa. Ta zare zobe daga yatsanta ta miƙo mana, ta ce, "Malam, ku da ku ke yawan karatu, ku duba mini wannan. Ɗana ne ya kawo mini tsaraba daga ƙasar waje bara. Da farko in na juya hannu sai ka ga kore da shuɗi da ja suna wasa a ciki kamar bakan gizo. Yanzu ga shi ya yi yana kamar idon tsoho. Cutar yaron nan aka yi?"

Muka ce, "Mama, ki ba mu kwana biyu tukuna."

Da muka kai shi gida muka sa madubin ƙara girma, muka dubi dutsen ta gefe, ba ta sama ba. Sai ga layi biyu miƙaƙƙu sun ratsa shi. Ashe ba dutse ɗaya ba ne, abu uku ne aka ɗora bisa juna aka manne da gam. A ƙasa akwai baƙin faifai. A tsakiya akwai wani siririn yanki mai launi, kaurinsa bai kai na farce ba. A sama kuwa akwai wata hula garau, mai doro kamar ƙoƙo a kife. Masu sana'ar duwatsu suna da suna domin wannan siffa mai doro a sama da shafaffen gindi, suna ce da ita kaboshon. Yankin tsakiyan nan shi kaɗai ne dutse mai daraja, sunansa ofal. Amma bincikenmu ya nuna mana cewa hular nan, wadda ba wanda ya ke kula da ita, ita ce ke nuna ko zoben zai yi shekara ɗaya ko shekara talatin.

Labarin ya faro daga Ostareliya, gama shekaru da yawa daga can ne mafi yawan ofal na duniya ya fito. A shekara ta 1915 waɗansu masu neman zinariya sun sauka a wani busasshen daji a kudancin ƙasar, ruwa ya yanke musu. Wani yaro matashi da ke tare da ubansa cikin ayarin ya fita yawo, sai ya tsinci waɗansu duwatsu masu walƙiya a ƙasa. Wurin ne ya zama garin Coober Pedy, wajen kilomita 850 arewa da birnin Adelaide. Da bazara zafi ya kan wuce awo 40 na ma'aunin Selsiyus, sabo da haka mutane da yawa suka fafe gidajensu a cikin tudu, har da majami'u akwai a ƙarƙashin ƙasa inda a ke taruwa sujada. A gabas kuma akwai Lightning Ridge, inda a ke samun baƙin ofal, wanda ya fi duka tsada. Tun 2008 ƙasar Habasha ita ma ta shiga kasuwar sosai, sa'ad da aka sami ofal a lardin Wollo.

Ofal ɗan'uwan yashi ne, sai dai akwai ruwa kaɗan a jikinsa. Ruwa ne ya narkar da sinadarin yashi tun zamanin da, ya tsiyaya cikin tsagogin dutse, ya bar shi nan ya daskare. A 1964 masana a Ostareliya suka gano asirin launinsa da babban madubin lantarki. Sun tarar jikinsa cike ya ke da ƙananan ƙwayoyi a jere kamar ƙwai a faifai, ƙanana ƙwarai har sai an jera fiye da 3,000 kafin su cika milimita ɗaya. Haske in ya faɗa kan jerin sai ya rabu launi launi. Ƙananan ƙwayoyi su kan ba da shuɗi, manya su ba da ja, shi ya sa ja ya fi wuyan samu. Inda ƙwayoyin ba su jeru daidai ba kuwa, ba launi ko kaɗan, irin wannan kuwa shi ne mafi yawan abin da mahaƙa ke fitarwa.

To, ga wahalar mahaƙi. Ya yi watanni a cikin rami, ya sami jijiya mai launin da ke ɗauke ido, amma siririya ce kamar takarda. Ba za a iya sassaƙa ta ta zama dutsen zobe ba, da an taɓa ta sai ta karye. A zubar? Ina! Sai masu sana'a suka yi dabara. Su kan goge gefe ɗaya ya shafe sumul, su manna shi a kan baƙin faifai da gam mai baƙin launi. Faifan ya kan zama ofal marar launi, ko baƙin dutse, ko baƙin gilashi. Baƙin nan shi ke sa launi ya fito rangaɗau, kamar yadda taurari suka fi haske a daren da babu wata. In an tsaya nan, an sami dutse mai hawa biyu. In kuwa an ƙara goge ofal ɗin ya zama siriri ƙwarai, aka ɗora masa hula garau da gam marar launi, an sami mai hawa uku. Hular tana aiki biyu: tana tsare ofal daga bugu da karcewa, doronta kuma yana ƙara girman zanen launin kamar yadda tabarau ke yi wa rubutu.

Kwaz ko gilashi?

A nan ne magana ta ke. Da me za a yi hular? Abu biyu aka fi amfani da su, watau gilashi da wani dutse garau da a ke kira kwaz. Akwai kuma masu yi da roba domin araha, amma wannan ba ma sai mun tsaya a kansa ba, maɓallin riga ma ya isa ya karce shi.

Kwaz ba baƙo ba ne a gare mu. Shi ne farar ƙanƙarar dutsen nan da yara ke bugawa da dare su ga tartsatsi, shi ne kuma mafi yawan yashin rafi. Abin mamaki, kakanninmu sun kira ƙanƙarar sama da ta dutse da suna ɗaya, Helenawa na da su ma haka suka yi. Sunan da suka ba kwaz garau shi ne sunan ƙanƙara a bakinsu, gama sun ɗauka ruwa ne ya daskare a kan duwatsu masu sanyi har ya kasa narkewa.

A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu bisa ga taurinsu, daga 1 zuwa 10, kowane na sama yana karce na ƙasa da shi. Daimon ne na 10. Kwaz yana kan 7. Gilashin taga yana wajen 5 da rabi, ofal kuwa tsakanin 5 da rabi da 6 da rabi. Mai karatu zai ce, bambancin ɗaya da rabi har wani abu ne? Wani abu ne babba, dalilin kuwa ƙura ce. Ƙurar da ke sauka a kan teburinmu, balle ta hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, cike ta ke da garin kwaz. Duk lokacin da mace ta share zobenta da gefen zane, tana goga masa yashi mai tauri 7 ke nan. In hular gilashi ce, yau layi ɗaya, gobe biyu, kafin shekaru kaɗan ta dushe. In kwaz ce, ta sami daidai da ita, sai ta daɗe tana sheƙi. Duk wanda ya saba share tabarau da bakin riga ya san abin da mu ke faɗi.

To me ya sa ba a yi duka da kwaz ba, tun da ya ke ya cika duniya? Domin kwaz da yawa ya ke, amma garau ɗinsa kaɗan ne. Yawancinsa fari ne kamar nono sabo da ƙananan ɗigon ruwa da iska da suka maƙale a ciki sa'ad da ya ke girma. Wani yana da tsaga, wani yana da gajimare, wani yana da zare-zare kamar gashi. A wurin mai tara duwatsu domin sha'awa waɗannan ado ne. A wurin mai yin hula kuwa aibi ne, gama doron hular zai ƙara girman kowane tabo ya ɗora shi a kan fuskar ofal. Shi ya sa mai saye ya kan tsoma gutsuren cikin ruwa ko mai, ya haska tocila ta gefe a ɗaki mai duhu. Abin da ido bai gani ba da rana, a nan ya kan fito fili. Sau da yawa dunƙule mai cika hannu ba zai ba da wuri mai tsabta da ya wuce kan yatsa ba.

Ƙasar da ta yi suna wajen kwaz garau ita ce Barazil, musamman jihohin Minas Gerais da Goiás da Bahia. Ana samunsa kuma a Madagaska, da jihar Arkansas ta Amurka, da duwatsun Alps na Turai. Masu ƙaramar sana'a ba su cika sayen kyawawan sanduna masu tsini ba, waɗannan na masu sha'awa ne, suna da tsada. Karyayyu su ke nema, waɗanda tsininsu ya fashe wajen haƙa, gama a cikin zarto za su ƙare ko ta yaya.

Akwai wata hanya kuma wadda yaƙi ya buɗe. Tun 1880 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa in an matsa kwaz ya kan ba da lantarki. Daga baya aka ga siririn yankinsa yana iya riƙe rediyo a kan tasha ɗaya ba ta zamewa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sojoji suka bukaci irin waɗannan yankuna miliyoyi, kusan duk kwaz ɗin da Amurka ta yi aiki da shi kuwa daga Barazil ya fito. Ƙarancin da aka sha ya sa masana suka koma kan wani gwaji da wani Ba'italiye, Giorgio Spezia, ya yi a Turin wajen 1905, na shuka kwaz a cikin tukunya. Kafin ƙarshen shekarun 1950 an fara yinsa domin sayarwa. A kan zuba ɓaraguzan kwaz a gindin wata doguwar tukunyar ƙarfe mai kauri, a rataya siraran yankuna a sama su zama iri, a cika da ruwa mai sinadari irin na soda, a rufe kam, a hura zafi ya kai awo 350 zuwa 400. Ɓaraguzan su narke a ƙasa, su hau su kwanta a kan irin a hankali, makonni har watanni. Abin da ke fitowa kwaz ne na gaske, taurinsa 7, ya kuma fi na daji tsabta. Irinsa ne ke cikin agogon hannu mai batir, yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya. Gutsattsarin da masana'antu suka rage kuwa ya zama abin nema ga masu yin hula. Sai dai su kan yanke layin irin da ke tsakiyar sandar su yar, domin ya kan nuna.

A ganinmu wannan ba jabu ba ne a wannan aiki. Ba hular a ke saye ba, ofal a ke saye. Abin da a ke so ga hula shi ne tauri da tsabta, na tukunya kuwa yana da su duka.

Gilashi fa? Ba mu ce a raina shi ba. Yana da araha, yana da sauƙin yanka da gogewa, ana kuma iya zuba shi a mazubi ya fito da doronsa a shirye. Akwai masana'antu da ke sayar da huluna bisa ga awo sananne, kamar milimita 8 da 6, ko 10 da 8, ko 14 da 10, domin su shiga gidan zoben da aka riga aka ƙera. Ga 'yan kunne ko abin wuya, waɗanda ba su cika gogar kome ba, gilashi ya wadatar. A zobe da munduwa ne ya ke kasawa.

Amma shi ma ba kowane gilashi ba. Ku dubi gilashin taga ta bakinsa, za ku ga kore ne, sabo da ƙarfe kaɗan da ke cikin yashin da aka yi shi da shi. Koren nan ya kan ɓata launin ofal. Gilashin gefen mota kuwa an gasa shi ne ta wata hanya, da zarto ya taɓa shi sai ya tarwatse kamar tsakuwa. Na kwalba yana da kumfa da jirwaye. Masagan Bida sun daɗe suna narkar da kwalabe suna yin tsakiya da ƙarau masu kyau, a can launi da kumfa ado ne, amma a hula ba su da wuri. Abin da masu sana'a ke nema shi ne gilashin da aka yi domin ido, kamar na tsohuwar kyamara ko madubin hangen nesa, ko gilashi marar ƙarfe wanda bakinsa fari ne.

Tarkon suna

Akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa, har da masu sana'ar kansu. Sunan nan kiristal, wanda asalinsa na kwaz garau ne, an daɗe ana ba da shi ga gilashi mai dalma, irin na kofunan alfarma da fitilun rataye, tun da George Ravenscroft ya fara yin irinsa a Ingila a shekarun 1670. Yana walƙiya ƙwarai, amma ya fi gilashin taga ma laushi. Akwai kuma kwaz da aka narkar a wuta aka zuba. Da ya narke ya huce, jerin jikinsa ya rushe, ya zama gilashi, ko da ya ke mai sayarwa zai iya rantsewa cewa da kwaz aka yi shi, bai kuwa yi ƙarya ba. Manyan ƙwallaye garau da a ke sayarwa da araha yawancinsu irin wannan ne.

Ana iya rarrabewa ba tare da manyan na'urori ba. Kwaz ya fi gilashi sanyi in an ɗora shi a kumatu, ya kan kuma jima kafin ya ɗumama. Kumfa zagayayya a ciki alamar gilashi ce. Gutsuren kwaz zai karce kwalba, kwalba kuwa ba za ta karce shi ba, amma wannan gwaji na ɗanyen dutse ne, kada wani ya yi shi a kan zoben matarsa. Masu sana'a suna da wani gwaji da ya fi waɗannan: su kan sa dutsen tsakanin tabarau biyu masu tace haske, a gicciye yadda ba a ganin kome, su juya shi. Kwaz ya kan yi haske ya yi duhu sau huɗu a juyi ɗaya, gilashi kuwa ba ya yin haka.

Ga wanda ke sha'awar koyon sana'ar, akwai gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi. Ƙurar kwaz in ta shiga huhu ba ta fita, ta kan kawo ciwon da likitoci ke kira silikosis, wanda ba shi da magani, ya kuwa kashe mahaƙa da masu gogar duwatsu da yawa a ƙasashe dabam dabam. Kullum da ruwa a ke yanka, da ruwa a ke gogewa, a kuma kwashe laka tun tana ɗanya. Muna faɗin haka domin a Jos da Nasarawa da kudancin Kaduna da tsaunin Mambila akwai samarinmu da yawa da ke haƙar duwatsu masu daraja, waɗansu kuma sun fara koyon yanka su a gida maimakon a fitar da su ɗanye zuwa Bankok ko Jaipur ko Idar-Oberstein ta Jamus.

Mu koma ga tambayar Mama. Haɗa dutse hawa hawa ba sabon abu ba ne, cuta da shi ma haka. Wani marubuci Baroma, Pliny Babba, wanda ya mutu a shekara ta 79, ya ba da labarin masu manna duwatsu uku, baƙi da fari da ja, su sayar a matsayin dutse ɗaya. Maƙerin zinariya Benvenuto Cellini ya yi irin wannan ƙara a littafinsa na 1568. An kuma yi zamanin da a ke manna kwaz biyu da koren gam a tsakani a ce zumurrudu ne. Duk da haka akwai inda ba makawa sai an yi hawa. A jihar Alberta ta Kanada ana haƙo ɓawon wani dodon koɗin teku na zamanin da, mai launi kamar ofal, wanda aka karɓa cikin jerin duwatsu masu daraja a 1981 da sunan amolait. Taurinsa bai wuce 4 da wani abu ba, in ba hula ba zai jure zobe ba. Sabo da haka aikin kansa ba laifi ba ne. Ya sa talaka ya iya saye wa uwarsa ofal na gaske da kuɗi kaɗan, ya kuma hana a zubar da wahalar mahaƙi. Laifin yana wurin mai sayarwa da ya ɓoye gefen dutsen cikin ƙarfe, ya yi shiru, ya karɓi kuɗin dutse guda. In za ku saya, ku yi tambaya biyu: hawa nawa ne, da me kuma aka yi hular? Ku sa a rubuta amsar a takardar ciniki.

Da muka mayar da zoben muka roƙi Mama ta tambayi ɗanta ko yana da takardar. Ya nemo ta a cikin akwati. Ashe an rubuta a fili cewa mai hawa uku ne, shi ne bai gane kalmar ba, kuɗin da ya biya kuma daidai ne da irinsa. Ba a cuce shi ba. Ƙananan layukan da muka gani a doron sun nuna hular gilashi ce. Yanar kuwa ba daga sama ta ke ba, daga ƙarƙashin hula ta ke. Muka ce, "Mama, da shi ki ke wanki?" Ta ce, "Wanki da wanke-wanke da cuɗa kullu, duka. Ai ban taɓa cire shi ba tun da ya sa mini." Ruwan zafi da sabulu ne suka ci gam ɗin ta gefe, ruwa ya kutsa tsakanin gilashi da ofal. Wannan kuwa ko hular kwaz ce haka zai faru, gama gam ɗaya ne. Irin wannan dutse ba a jiƙa shi, ba a barinsa a rana ko kusa da murhu, ba a fesa masa turare. Tsumma mai laushi da ɗan danshi ya ishe shi, bayan an hure ƙurar tukuna.

Gwanin sana'a yana iya ɗaga hular, ya wanke tsohon gam, ya ɗora sabuwa ta kwaz, amma ladan aikin zai iya fin kuɗin zoben. Mama ta ce a bar shi haka. Yanzu ran Lahadi kaɗai ta ke sa shi, in ta dawo ta ajiye shi a cikin gwangwanin allurarta. Ta gefe ɗaya, inda ruwan bai kai ba, koren yana nan yana wasa.